Yadda sakamakon zaɓen 'yan majalisar Ghana ya same mu a kan duwatsu

Mai shagon yadi, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Da yawa cikinmu a Kumasi muke neman abinci, amma rajistar zaɓenmu tana garuruwan kan dutse inda iyayenmu suka kafa zango. Ina roƙon duk wanda ya koma gida ya kaɗa ƙuri'a ranar Asabar 7 ga Disamba 2024 ya faɗa mana abin da idonsa ya gani game da kujerar majalisa ta mazaɓarsa. Ni a Mpraeso na yi nawa. Na kwana a Nkawkaw, da asuba na hau motar da ke bin hanyar nan mai lanƙwasa zuwa saman dutsen Kwahu, hazon hunturu ya rufe kwari har ba a hango garin da muka baro. Da aka rufe rumfa ƙarfe biyar na yamma, a gabanmu aka zazzage akwati aka ƙirga, wakilan jam'iyyu suka sa hannu a takardar sakamako mai ruwan hoda. Davis Ansah Opoku na jam'iyyar NPP ne ya riƙe kujerarsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne washegari, lokacin da Dakta Bawumia, ɗan takarar shugaban ƙasa na NPP, ya amince da shan kaye, garin ya yi tsit, duk da cewa ɗan takararsu na majalisa ya ci.

Malamar makaranta, Asawase:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka gani a Mpraeso shi na gani a Abetifi, inda Bryan Acheampong, wanda a lokacin shi ne ministan noma, ya sake cin zaɓe. Sai dai ina ganin mutanen da ke ƙasan dutse ba su fahimci mutanen kan dutse ba idan suka ce biyayya ce kawai ga jam'iyya. Matan da na yi layi da su, waɗanda sanyin safiya ya sa kowace ta yafa zane biyu, maganar hanya da ruwan sha da kuɗin makarantar yara suke yi, kuma da sunansa suke ambaton ɗan majalisa, a matsayin mutumin da suka san gidansu. Jam'iyyar NDC ta kwashe kujeru fiye da 180 cikin 276 na ƙasa baki ɗaya, amma wannan guguwa ba ta hau Kwahu ba.

Direban babbar mota, Sabon Zango:
Hajiya, a wajenmu kuwa guguwar ta hau har ƙoli. Hohoe na je, kuma John Peter Amewu na NPP, wanda ya ƙwace kujerar a 2020, ya rasa ta a hannun Thomas Worlanyo Tsekpo na NDC. Tun kafin a kammala tattarawa samari suka cika titi da babura.

Dattijo mai sayar da goro, Alabar:
'Ya'yana, ku ba ni dama in daɗe kaɗan, domin nawa labarin ya fara ne tun shekara huɗu kafin naku. Rajistata tana Likpe, ɗaya daga cikin yankuna huɗu na tsaunukan kan iyakar Togo, wato Santrokofi da Akpafu da Lolobi da Likpe, waɗanda a da suke ƙarƙashin mazaɓar Hohoe kafin a mayar da su sabon yankin Oti. A Disamba 2020 na biya kuɗin mota tun daga Kumasi, na isa da gajiya, sai ana gobe zaɓe da dare aka sanar cewa shugaban ƙasa kaɗai za mu zaɓa. Na dangwala yatsa a takarda ɗaya, ta biyu kuwa ba a miƙo mini ba. Shekara huɗu cur muka yi babu mai magana da yawunmu a majalisa, kuma duk wanda bai ɗanɗana wannan ba zai ɗauka ƙaramin abu ne, alhali idan hanya ta lalace ko rufin makaranta ya yaye, ba mu da ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Kafin zaɓen 2024 aka kafa mana mazaɓar Guan, ita ce ta 276. Da jami'in rumfa ya miƙo mini takarda ta biyu, hannuna rawa yake yi, na tsaya ina kallon hotunan 'yan takara har na bayana suka fara yi mini magana. Fred Agbenyo na NDC ne ya ci. Na ga tsofaffi waɗanda na san ba shi suka zaɓa ba suna taya juna murna a bakin rumfa.

Malamar makaranta, Asawase:
Baba, Allah ya saka da alheri, ban taɓa jin wannan labari daga bakin wanda abin ya shafa ba sai yau. Ina da tambaya: a daren ƙirgar ka tsaya har aka sa hannu a takardar, ko sanyi ya kore ka?

Dattijo mai sayar da goro, Alabar:
Na tsaya, 'yata. A bakin rumfar na yi sallar magariba da isha'i, jikana ya kawo mini bargo daga gida, kuma ban tashi ba sai da na ga an ɗauki akwatin an nufi cibiyar tattara sakamako da shi.