Wace ma'ajiya ta dace da naɗar shirye-shirye a risibar dish?

Abu Safiyya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sani a kan ma'ajiyar da zan haɗa wa risibar dish ta gidanmu kafin watan azumi ya kama. Risibar irin ta tashoshin kyauta ce, tana da ramin USB guda ɗaya a baya, kuma akwai PVR a jerin saitinta, wato tana iya naɗar shiri. Mahaifinmu yana son sauraron sallar tarawihi ta Masallacin Harami, amma da yake agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, ana tayar da isha'i a Makka kusan daidai lokacin da muke buɗa-baki a nan, saboda haka ba ya samun damar zama a gaban talabijin. Burina shi ne risibar ta riƙa naɗar sallar da kanta kowane dare, tare da tafsiri ɗaya da ake sawa a wata tasha da rana, domin ya kalla bayan ya dawo daga masallaci.

Abin da nake da shi yanzu filas ce mai giga 32. Idan na naɗi shiri da ita, hoton yana tsinkewa a wasu wurare, wani lokaci kuma fayil ɗin ya ƙi buɗuwa gaba ɗaya. Wasu sun ce in sayi filas mai girma, wasu sun ce had-disk, wato ma'ajiya mai faifai a ciki, wasu kuma sun ce SSD, wato ma'ajiya irin had-disk amma marar faifai. Wanne ya fi dacewa, kuma mai girman nawa, musamman ganin cewa wutar unguwarmu ba ta tsayawa?

Mai Gyaran Dish:

Wa alaikumus salam Malam Abu Safiyya, Allah ya saka da alheri a kan wannan hidima da kake yi wa mahaifi. Bari mu fara da lissafin girma, domin shi ne mafi sauƙi. Risiba ba ta matse hoto, yadda ya sauko daga tauraro haka take zuba shi a ma'ajiya, don haka girman fayil ya dogara ne da nauyin tashar. Ana auna nauyin tasha da megabit a daƙiƙa, kuma duk megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin kusan megabait 450 a awa guda. Idan tashar HD ce, wato mai hoto tangaram, mai megabit 8, awa ɗaya za ta ci giga 3.6, sallar awa biyu ta ci giga 7 da ɗoriya, dare talatin kuma ya haura giga 200. Tafsiri a tashar da ba HD ba, mu ce mai megabit 3, ba zai kai giga 100 a wata ba. Ka ga ke nan ma'ajiya mai giga 500 ta ishe ka, ko da yake risiba za ta nuna maka kusan 465 ne kawai, saboda bambancin yadda kamfani da na'ura suke ƙirga giga.

Filas kuwa ka cire ta daga lissafi. An yi ta ne don a kwafi abu a ɗauka, ba don a yi ta rubutu a kanta awa biyu babu hutu ba. Yawancin masu araha suna fara rubutu da sauri, sai su ɗau zafi su ja baya, kuma duk lokacin da suka tsaya na ɗan ƙanƙanin lokaci, hoton da ke saukowa ba ya jira, shi ne tsinkewar da kake gani.

Inda mutane suka fi faɗawa matsala shi ne wajen wuta. Ramin USB 2.0 a ƙa'ida miliamfa 500 yake bayarwa a kan bolt 5, alhali ƙaramin had-disk mai inci 2.5 yana iya neman kusan ninki biyu na hakan a daidai lokacin da faifansa yake fara juyawa. Shi ya sa za ka ji yana ƙas-ƙas, fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, risibar ta gan shi yau gobe ta ce babu shi, har mai gida ya zaci had-disk ɗin ne ya lalace. Shawarata ita ce ka sayi had-disk mai inci 3.5 a cikin gidansa mai adaftar bolt 12, wanda ba ya dogara da wutar risiba ko kaɗan, ko kuwa ka sa ƙaramin a kan mahaɗar USB mai nata adaftar. Kebul ya zama gajere mai kauri, domin dogon kebul siriri yana cinye wuta a hanya.

Ɗalibin Kwamfuta:

Ranka ya daɗe Oga Mai Gyara, na yarda da lissafinka da kuma hukuncinka a kan filas, amma ina neman izini in saɓa maka a kan babban had-disk, saboda jimlar ƙarshe ta mai tambaya. A gidan da ake ɗauke wuta sau da yawa, ana komawa janareta ana dawowa, abin da yake da faifai mai juyawa da allura shi ne ya fi shan wahala, domin kowace ɗaukewar wuta tsayawa ce ta ba-zata, kowace dawowa kuma sabon tashi ne. Ga zafin watan Maris da Afrilu a cikin falo, ga yara da za su iya ture shi yana cikin aiki. SSD ba shi da abin da ke motsi, ba ya buƙatar wutar tayar da faifai, kuma mai giga 500 irin na SATA, wato mai mahaɗi irin na had-disk, a cikin ƙaramin gidan USB yakan yi aiki da wutar risiba kaɗai. Masu tsoron cewa yawan rubutu zai cinye shi su duba lissafin da Oga ya yi: giga 300 a wata abu ne ƙarami ƙwarai idan aka kwatanta da ɗaruruwan terabait da kamfanoni irin Samsung da Crucial suke rubuta cewa irin waɗannan SSD suna ɗauka. Sai dai kada a sayi nau'in NVMe, wato SSD mai tsananin sauri, don wannan aiki, domin ya fi jan wuta da ɗaukar zafi, kuma risiba ba za ta amfana da saurinsa ba.

Duk da haka, SSD ba ya hana fayil lalacewa idan wuta ta yanke ana tsakar naɗi. Fayilolin da suka ƙi buɗuwa a filas ɗin Malam, ina kyautata zaton wasunsu daga nan ne, domin risibar ba ta samu damar rufe su ba. Maganin wannan shi ne a ɗora risibar a kan ƙaramin UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ko layin inbata idan akwai sola a gidan. Risiba ba ta da cin wuta, talabijin ce mai ci, kuma ba a buƙatar ta a kunne lokacin naɗi.

Sai batun fomatin, wato tsarin da ake shirya ma'ajiya da shi don ta karɓi fayiloli, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce giga 4, saboda haka sallar awa biyu a HD ba za ta shiga fayil ɗaya ba. Risiba mai kyau za ta yanka ta gida biyu ta ci gaba, wata kuwa tsayawa take yi idan ta kai iyakar. Idan littafin risibar ya nuna tana rubutu a kan NTFS, a zaɓe shi, domin ba shi da wannan iyaka kuma ya fi jure ɗaukewar wuta. Risibobi masu tsarin Linux sun fi son ext4. Kada a ɗauka risibar tana gane tsarin exFAT sai an gwada, duk da cewa da shi manyan filas da SSD da yawa suke zuwa daga kamfani. Hanya mafi aminci ita ce a bar risibar ta yi fomatin da kanta daga jerin saitinta. Kuma kada a wuce terabait 2, domin risibobi da dama tsohon tsarin raba ma'ajiya na MBR kaɗai suka sani, wanda iyakarsa ke nan.

Ummu Khalil:

Assalamu alaikum. Ina ƙara wa Malam Abu Safiyya gargaɗi a kan jabun kaya, domin sun cika kasuwa, filas da SSD duka. Ana iya saita ƙaramar ma'ajiya ta riƙa nuna girman da ba ta da shi, sai ta karɓi naɗi lafiya lau a farkon wata, idan ainihin cikinta ya cika sai fayiloli su fara lalacewa ba tare da wata sanarwa ba. Kafin ka haɗa ta da risiba, ka sa ta a kwamfuta ka gwada da manhajar H2testw, wadda kyauta ce, tana cika ma'ajiyar gaba ɗaya sannan ta karanta ta gaya maka girmanta na gaskiya. Ka yi yarjejeniya da mai shago tun kafin ka biya cewa za ka dawo da ita idan ta faɗi gwajin.

Idan kuma Baba zai so a adana karatun don bayan azumi, ka riƙa kwafe shi zuwa kwamfuta duk mako. Naɗin tashoshin kyauta yawanci fayil ne mai ƙarshen .ts, kuma manhajar kallon bidiyo ta VLC tana buɗe shi.

Abu Safiyya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Akwai inbata a gidan, kuma littafin risibar ya ambaci NTFS, don haka hankalina ya karkata ga SSD mai giga 500. Tambaya ɗaya ta rage mini: shin zan bar risibar a kunne ne dare da rana, ko za ta tashi da kanta idan lokacin naɗi ya yi?

Mai Gyaran Dish:

Tunda akwai inbata, Malam, ba ni da ja a kan SSD, hujjar ƙanena a kan ɗaukewar wuta tana da ƙarfi. Risibar za ta tashi da kanta idan da rimot aka kashe ta, ba daga soket ba. Ka tabbatar agogonta yana kan GMT+1, wato lokacin ƙasarmu, domin daga tauraro take ɗaukar lokaci, kuma akwai tashoshin da suke turo lokacin da ba daidai ba, saboda haka ka duba agogon alhali tana kan tashar Makka ɗin. Ka kashe Timeshift mai tashi da kansa, wato tsarin da ke naɗar abin da ake kallo don a iya dakatar da shi ko a koma baya, don kada ya riƙa rubutu duk yini a banza yana cin wuri. Ka sa naɗin ya fara minti goma kafin isha'i ta Makka, ka ƙara masa rabin awa a ƙarshe, domin tsawon karatu yana bambanta daga dare zuwa dare, lokacin isha'in ma yana ɗan gusawa a cikin watan. Tun a Sha'aban ka gwada shi da sallar isha'i na kwana biyu ko uku, risibar tana kashe da rimot, ka buɗe kowane fayil ka matsa har ƙarshensa ka ga ko ya cika.