Ina Tumunina? Musayar Baitoci a Kan Gadon Marayu

Uwar Huɗu:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta baitocinku ban sa baki ba. Yau ga nawa. Amsa-amon "ya" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Bismillahi, da shi nake buɗe baki,
Sarkin da Ya san kukan da ke cikin zuciya.

Salati ga Manzo, shi ma ya tashi ba uba,
Ya san ɗacin da ke bakin ɗa maraya.

Maigidana ya rasu ana tsakar damina,
Gero ya fid da kai, shi ko ya bar duniya.

Wata huɗu da kwana goma ina takaba,
Ba kwalli, ba turare, ban taka bakin hanya.

Ran sadakar arba'in aka nemi makullin shago,
Wansa ya ce, "Kawo shi, wurina zai zam ajiya."

Takardar gida ta bi, babur ya bi bayanta,
Aka share rumbu, aka kora maraƙi da saniya.

Na ce a raba, aka ce, "Bari yara su girma,
Ke da za ki yi aure, ina ruwanki da dukiya?"

Yau babbar na tallan awara a bakin tasha,
Kuɗin jarrabawa ya gagara, ta bar aji gaba ɗaya.

Autan, shi ne namijin, ya kwana da zazzaɓi,
Na aika gidan baffansa, aka ce ya yi tafiya.

Ba sadaka nake roƙo ba, ku ji ni da kyau,
Tumunina, ɗaya bisa takwas na gado, nake nema, da rabon 'ya'ya.

Gwaggo Mai Ƙosai:
Allah Ya ji ƙan maigidanki, 'yata, Ya raya abin da ya bari. Abin nan ba a kanki aka fara ba.

Gonar ubanmu tana nan gabas da gari,
Ƙannena ke nomanta tun ina da ƙuruciya.

Suka ce mace ba ta gadon ƙasa,
Wai za ta kai wa miji, gandu ya bar zuriya.

In kaka ta yi a aiko min kwano biyar,
A ce in sa albarka, in kuma ƙara da godiya.

Da zumunci ake ɗaure mana baki,
In kin kai ɗan'uwa ƙara a ce ba ki da kunya.

Sun aurar da 'ya'yansu da amfanin gonar,
Nawa 'ya'yan da kaskon ƙosai na kai su ga tarbiyya.

Ke dai yi magana, 'yata, kar ki jira,
Tun shaidu na raye, tun kina da lafiya.

Baffan Wasu:
Ni ba baffan yaran nan ba ne, ban ma san su ba. Amma marayun ƙanena suna hannuna, kuma duk inda aka zauna mu ake zagi. A ji ta bakinmu.

Ranar da ya faɗi, ni na kai shi asibiti,
Tumakina na sayar na biya kuɗin jinya.

Masu bin bashi ba su je ɗakin mai takaba ba,
Ƙofata suka tsaya tun da sanyin safiya.

Gonar kadada guda ce, magada takwas,
In an yanka ta kowa zai tashi da faɗin tabarma ɗaya.

Tun da aka janye tallafin mai a 2023,
Cefanen gida biyu a kan mutum guda akwai wuya.

Uwar ta yi aure, mijin ba jininmu ba ne,
In na miƙa mata, wa zai tsare wa yara dukiya?

Akwai azzalumai cikinmu, ban musa ba,
Amma a bar yi wa baffanni kuɗin goro gaba ɗaya.

Ɗalibin Zaure:
Kafin in ce komai, baiwar Allah, ina da tambaya. Mahaifan mamacin suna raye? Kina da abokiyar zama? Yaran maza nawa, mata nawa?

Uwar Huɗu:
Allah gafarta malam, iyayensa sun riga shi,
Ni kaɗai ce matarsa, bai taɓa min kishiya.

Mata uku ne, sai namijin na ƙarshe,
Bai bar wasiyya ba, bashinsa kuwa an biya.

Ɗalibin Zaure:
To, alhamdu lillahi, hukuncin a fili yake. Amma bari in fara da abin da ya faru a Madina, don Baffa ma ya ji.

Sa'adu ɗan Rabi'u, ba'ansare ne,
Ran Uhudu, shekara ta 3 da hijira, ya bar duniya.

Ya bar 'ya'ya mata biyu da uwarsu,
Baffansu ya zo ya kwashe dukiyar gaba ɗaya.

Matar ba ta zauna tana kuka a ɗaki ba,
Ta riƙo hannun yaran ta je wa Annabi da tambaya.

Ba wanda ya ce da ita marar kunya,
Ba wanda ya ce ta koma gida ta yi juriya.

Manzo ya ce Allah zai yi hukunci a kai,
Sai ga ayar gado, cikin Nisa'i, ta zo da gaskiya.

Ya aika wa baffan: ba 'yan matan sulusi biyu,
Ba uwarsu tumuni, saura naka ne, ka riƙe shi lafiya.

Wancan baffan ya samu don babu ɗa namiji,
Naki akwai namiji, wan miji ba shi da ko ƙwaya.

Ga lissafinki, baiwar Allah. Ana fara fitar da kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya in akwai, ita ma ba ta wuce sulusi. Abin da ya rage, gida da gona da shago da dabbobi, a yi musu ƙima a kasa 40.

Kashi 5 naki ne, shi ne tumuninki,
Ko gobe kika ɗaura aure ba mai hana ki ko ɗaya.

Kashi 14 na autanki ne, namijin,
Kowace 'ya mace 7, har da mai awarar bakin hanya.

Aya ta 7 ta ce mata suna da rabo,
Kaɗan ne ko mai yawa, yankakke ne, ba jayayya.

Ba ta ware gona ba, ba ta ware gida ba,
"Mace ba ta gadon ƙasa" al'ada ce, ba aya.

Aya ta 10 kuwa ita ke hana ni barci:
Mai cin kayan maraya da zalunci, wuta yake haɗiya.

'Yar Maraɗi:
Ina gaida Gwaggo. Abin da kika faɗi har wajenmu.

Kudancin Maraɗi mutane sun yi yawa, ƙasa ta matse,
Gamanar mace, 'yar gonarta ta kanta, ake fara karɓewa in an shiga wuya.

Wadda ta saba cika rumbunta da hannunta,
Yau sai ta jira a auno mata, ita da 'ya'ya.

Lauyar Talakawa:
Malam ya gama da hukunci, ni hanya zan nuna. Yaya, ki saurara da kyau, don abin da ke kayar da mata a gaban alƙali yawanci rashin shiri ne.

Ki zauna yau ki rubuta duk abin da ya bari,
Gona da iyakokinta, shago da kayan da ke ajiya.

Lambar babur, launin saniya, wanda ya kora ta,
Da sunan duk wanda ya gani da ido, ba jita-jitar jiya.

Mai unguwa ya san gidan, maƙwabta sun san gonar,
Liman ya san ranar, su ne shaidunki na gaskiya.

A fara da sulhu, gaban manya ko ofishin Hisba,
In an raba a rubuta, kowa ya sa hannu, a yi ajiya.

In sulhu ya ƙi, Kotun Shari'a a buɗe take,
In ba ki gamsu ba akwai ta sama, ba a rufe hanya.

In kuɗin lauya ne ya tsaya miki a rai,
Akwai Legal Aid, lauyoyin gwamnati, akwai FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, su ba sa neman dukiya.

Kuma kar a ce ciwon na Arewa ne kaɗai,
'Yan mata a ƙasar Ibo sun sha irin wannan wuya.

A 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Ukeje,
Ta soke al'adar hana 'ya mace gado gaba ɗaya.

Sashe na 42 na tsarin mulki ta kafa hujja da shi,
Wanda ya hana a ware mutum don mace ce ko don zuriya.

Mu namu rabon ya fi ƙarni goma sha huɗu a rubuce,
Abin da ke ƙona min rai, a gida ake danne shi, ba kunya.

Baffan Wasu:
Malam, na ji ayoyi, kuma ba mai ja da aya. Amma ba ka taɓa tambayata ba.

Gonar da ba ta yankuwa, yaya za a yi da ita?
Tumakin da na sayar fa, sun tafi ke nan a banza, ba biya?

Ni ma talaka ne, ina noma musu da ƙarfina,
In na ci daga ciki, ni ma wutar zan haɗiya?

Ɗalibin Zaure:
Tambayoyinka na kan hanya, Baffa, kuma duk suna da amsa.

Gonar da ba ta yankuwa a yi mata kuɗi,
Mai hali cikin magada ya saya, saura a ba su a biya.

Ko a bar ta a haɗe, a rubuta kason kowa,
Ran girbi a auna a ba kowa, har matar da ta bar zuriya.

Kuɗin jinya, in da niyyar rance ka kashe,
Bashi ne a kan mamaci, ana cire shi kafin a raba dukiya.

Ka kawo takardun asibiti da wanda ya sai tumakin,
Alƙali ya duba, ba kai za ka yanka wa kanka ba a ɓoye, Baffa, ka jiya.

In tsoron mijin uwar ne ya hana ka saki,
Kotu na naɗa amintacce ya riƙe wa yara ajiya.

Amma tumunin uwar ba na yara ba ne,
Ba ka da hurumin riƙe shi ko na kwana ɗaya.

Batun ci kuwa, aya ta 6 ta yi bayani:
Mawadaci ya kame hannunsa, ya bar wa maraya.

Matalauci ya ci gwargwadon wahalarsa, ba ƙari,
Ya riƙa rubuta shiga da fita, kaka da bazara, bi da bi a jeriya.

In sun balaga, ka ga hankali ya zauna musu,
Ka miƙa musu kayansu gaban shaidu, haka ya zo a aya.