Ƙanena zai shiga jirgin ruwa zuwa Kalaba, takardar gwamnati ta isa in kwantar da hankali?

Salamu alaikum 'yan uwa, daga Garwa ta Kamaru nake. Ƙanena yana Duwala da iyalinsa, yana so ya tsallaka Kalaba da matarsa da yara biyu ta jirgin ruwa daga Tiko, saboda hanyar mota ta Mamfe kun san yadda take tun da rikicin yankin masu Turancin Ingilishi ya fara. Hajiyarmu tun da ta ji kalmar teku ta kasa barci, ni ma gaskiya ruwan da na sani bai wuce Binuwai da Lagdo ba. Mai sayar da biye, wato tikiti, ya ce masa jirginsu yana da takardun gwamnati cif, kar ya damu. To wa ke da alhakin ran mutum a nan, gwamnati ko masu jirgi? Kuma me zan ce ya duba?

Dan Kusiri:
Wa alaikumus salam. Malam takarda fa ba ta iyo. Mu nan kullum muna ganin kwale-kwale a Logon an loda masa buhu har bakinsa na shan ruwa, ga jandarma a tsaye yana kallo. Idan a kogi haka ne ina ga teku.

Tsohon ma'aikacin tashar Duwala:
Dan Kusiri kar mu zubar da doka gaba ɗaya. Akwai yarjejeniyar duniya kan kare rayuka a teku da ake kira SOLAS, an fara ta 1914 bayan Titanic ya nutse a 1912, wadda ake aiki da ita yanzu ta 1974 ce. Abin da zai ba ka mamaki, Titanic ɗin nan ƙananan jiragen ceto 20 kawai gare shi, wajen rabin mutanen ciki za su iya ɗauka, kuma kamfanin bai karya doka ba don dokar Ingila ta lokacin ma ba ta nemi ya kai 20 ɗin ba. Wato kamfani kusa da inda aka tilasta masa yake tsayawa, ba ya ƙara wani abin kirki don Allah. Da ba doka da ko rigar ceto ba za ka gani ba.

Maman Ikram:
To Baba ai na gwamnati ma ya nutse. Le Joola na Senigal fa? Jirgin gwamnati ne, sojoji ke tafiyar da shi, an yi shi don mutum 500 da wani abu amma aka cusa kusan 2,000, ya kife a Satumba 2002, mutum 1,863 suka rasu 64 kawai suka fita. Mai dokar shi ne mai jirgin, wa zai kama wa? Allah ya jiƙansu, ni duk sanda na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Tsohon ma'aikacin tashar Duwala:
Haka ne 'yata, ban musa ba. Shi ya sa nake cewa aikin kashi biyu ne. Hukuma ta duba jirgi ta ba shi takarda ta faɗi adadin da zai ɗauka, amma ita sau nawa take zuwa? Wanda ke yanke hukuncin a ƙara fasinja ko a tashi cikin iska kaftin ne da mai jirgi, kowace rana. Mai tambaya ka ce wa ƙanenka ya je tashar kwana ɗaya kafin tafiya ya ga jirgin da idonsa, ba hoton da ke ofis ba. Ya tabbatar an rubuta sunansa da na matarsa da yaran duka a rajistar fasinja, don wasu ba sa rubuta yara, ranar da abu ya faru sai a ce ba su shiga ba. Ya nemi rigar ceto tun kafin a tashi, har da ƙanana na yara, ta babba idan ka sa wa yaro zamewa take. A jikin jirgi akwai zanen da'ira da layi a tsakiya, idan ruwa ya rufe shi lodi ya wuce ƙa'ida. Kuma kar su yarda a zaunar da su can ƙasa inda kaya suka toshe ƙofa.

Mai albasa:
Ni dai lokacin tafiyar nake ji. A hanyar nan ta Kalaba zuwa Tiko jirgi ya kife wajen Bakasi a Agusta 2019, tsakiyar damina. Idan ba dole ba ya bari ruwa ya ɗauke mana. Ko kuma ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundare ya zo gida, ya shiga ta Yola, da nisa da tsada kam amma Hajiya za ta yi barci.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira shi yanzu, ya ce biye ɗin an riga an biya kuma ba sa mayar da kuɗi. Na ce idan ya je gobe ya ga ba rigar yara ya fasa, ni zan biya masa asarar. Baba don Allah zanen nan a wane gefen jirgin zai duba?

Tsohon ma'aikacin tashar Duwala:
Tsakiyar jirgin, duka gefe biyu, daidai inda ruwa ke taɓawa. Ya ɗauko hoto bayan sun gama lodi ya turo nan in gani.