Abincin da ba nama, mai sauƙin dafawa: ku taimaki gwauro

Gwauron Samaru

Assalamu alaikum jama'a. Taimako nake nema, amma don Allah kada a yi mini dariya. Wata uku ke nan da na kama ɗaki ni kaɗai a Samaru, tun da na fara aikin koyarwa. A gida Inna ce ke girki, ni nawa ci ne kawai. Yanzu duk kayan girkina tukunya ɗaya ce, ƙaramin gas, da wata wuƙa da ko albasa sai ta yi gardama kafin ta yanka. Firji babu. Nama kuwa, ni da shi sai kallo daga nesa: idan na ce zan riƙa sa shi a miya kullum, albashin ba zai ga 20 ga wata ba. Shi ya sa na ajiye shi sai Juma'a, ko ranar da aka gayyace ni suna.

Indomie ta fita raina. Jiya na gwada garau-garau, na zuba shinkafa da wake lokaci ɗaya. Shinkafar ta caɓe, waken kuwa kamar tsakuwa. Kajin maƙwabta ne suka ci riba. Me zan riƙa dafawa wanda ba nama, mai araha, wanda ɗan koyo ba zai ɓata ba?

Maman Biyu

Wa alaikumus salam ƙanena. Dariyar dai na yi, ka yi haƙuri. Amma ba kai kaɗai ba ne, ni ma ina amarya haka na yi wa maigida.

Wake ya fi shinkafa taurin kai, don haka shi ake fara ɗorawa. Ka tsince shi, ka jiƙa tun da dare, da safe ka zubar da ruwan ka ɗauraye. Ka dafa shi shi kaɗai sai ka ga ƙwaya tana murƙushewa tsakanin yatsunka amma ba ta gama nuna ba, sannan ka wanke shinkafa ka zuba da gishiri. Gwangwanin madara 1 na wake, 2 na shinkafa, ya ishe ka rana da dare. Ruwan ya ɗan haura kan shinkafar kaɗan, ka rage wuta, ka rufe, ka daina leƙe.

Daɗin garau-garau kuma a mai da yaji yake. Kada ka zuba man gyaɗa ɗanye. Ka yanka albasa da yawa ka soya a ciki sai ta yi ja, ƙanshin ya kai ƙofar gida. Yajin kuwa ka saya wanda aka daka da ƙuli-ƙuli da citta, ka zuba a kwalba, zai yi maka makonni. Ka yanka tumatir da kabeji a kai in da hali.

Sai faten wake. Wannan ko da gangan ma da wuya ka ɓata shi, tunda caɓewar ake so. Wake ya dahu luguf, ka zuba manja, albasa, attaruhu, ka yanka dankalin Hausa ko doya a ciki, alayyahu daga ƙarshe, minti 3 ka sauke. Kuma ka sayi daddawa. Ita ce naman talaka a tukunya. Kakanninmu da ita suka yi miyar kuka shekara da shekaru, nama sai Sallah, kuma ga su nan sun fi mu ƙarfi.

Ɗan Maraɗi

Malam, to ka zama Ba'indiye ke nan, ba nama sai ganye! Wasa nake. Ni shawarata kwaɗon zogale, wanda Zabarmawa a Yamai ke kira kopto. Ko gas ba sai ka kunna ba: ka sayi dafaffen zogale wajen masu talla, ka daka ƙuli-ƙuli, ka dama shi da ɗan ruwa, ka sa albasa, tumatir, tattasai, gishiri da mai kaɗan, ka cakuɗa. In kana son ya riƙe ciki, ka jiƙa garin rogo ka haɗa. Sai dai ka cinye shi a take, ba ya kwana.

Ma'aikaciyar jinya

Hajiya ta gama magana kan girki, ni ta ɓangaren lafiya zan ƙara. Haɗa wake da hatsi, ko shinkafa ko masara ko gero, dabara ce mai kyau, domin abin gina jiki da ɗaya ya rasa yana wajen ɗayan. Awara ma haka, waken suya ce zalla, ka saya soyayyiya ka jefa cikin miyar tumatir a madadin nama.

Abu biyu za ka kula da su. Sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini yana cikin wake da ganye, amma jiki ba ya zuƙar sa da sauƙi kamar na nama. Matsa lemon tsami a kan abincin ko cin ɗanyen tumatir yana taimakawa, shan baƙin shayi a kan abincin kuma yana ragewa, sai ka ba da tazarar awa ɗaya. Na biyu, bitamin B12 ba ya cikin wake ko ganye, sai abin da ya fito daga dabba. Don haka kada ka yar da ƙwai da nono. Fura da nono da rana abinci ce cikakkiya, ba abin raini ba.

Kuma na san za a ce maka ka sa kanwa wake ya yi saurin dahuwa. Ka rage hannu, yawanta na ɓata ciki kuma tana lalata wasu bitamin. Jiƙon dare ya fi.

Gwauron Samaru

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, yau garau-garau ta yi! Har abokin aikina ya shigo wai gaisuwa ya zo, bai tashi ba sai da ya ga ƙasan tukunya. Yanzu ɗan wake nake hari. Na sayi haɗaɗɗen garin a kasuwa, mai kuka a ciki. Yaya ake yi?

Maman Biyu

Madalla, amin. Ɗan wake dai sai da kanwa, 'yar'uwa mai jinya ta yi mana afuwa a nan. Ka jiƙa 'yar kaɗan, ka tace ruwan ka kwaɓa garin da shi, kada ya yi ruwa, ya zama yana danƙo yana bin hannu. Sai ruwa ya tafasa sosai za ka fara jefawa, ƙanana-ƙanana da yatsu. Idan sun taso sama ka ba su kamar minti 10, ka ciro ɗaya ka raba, in ba gari a tsakiya ya nuna. Ka tsame a ruwan sanyi. Kuma kada ka kuskura ka rufe tukunyar ka tafi duba waya, kumfa zai taso ya kashe maka gas ɗin.