Kan sarkin da Baba ya bari: a sayar ko a sa a rabona?

Abban Hanifa: Assalamu alaikum. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa bayan babbar salla. Tun yana saurayi yake tara kan sarki, kuma na tsibirai kawai: Tristan da Cunha, Pitcairn, Zanzibar, Tonga, har na Ikko na zamanin Turawa, wai ai ita ma tsibiri ce. Albam shida ne, ga ambulan cike da akwatin ƙarfe, ga littafin da yake rubuta tarihin kowanne da hannunsa. Wani ya taya naira dubu 400 duka. Yayyena sun ce a sallama a raba, ni kuma so nake a yi musu kuɗi a sa a rabona. Wa zai yi mana ƙima ta gaskiya?

Tsohon Akawu: Allah ya jiƙansa. Ɗana, ko me za ku yi kada ku ɓamɓare kan sarki daga jikin ambulan, sau da yawa hatimin ne kuɗin. Tristan ba ta samu nata ba sai 1952, shi ma na Saint Helena aka buga wa sunanta a kai. A 1961 dutse ya yi aman wuta aka kwashe mutanen zuwa Ingila, sai 1963 suka koma. Duba kwanan watan kowane hatimi.

Ɗan Gari: Duba ko akwai shuɗin kan sarkin Mauritius na 1847, mai ɗan karen tsadar nan. In akwai, wallahi ni ƙaninku ne da aka manta.

Tsohon Akawu: 500 aka buga, da jan nasa 500, waɗanda suka rage duka ba su kai 30 ba. Koma gidanku.

Maman Sadiƙ: Dubu 400? Ai wannan fashi ne. Miliyan biyu ma an yi masa araha.

Bala Gwanjo: Hajiya, kin ga kayan? Pitcairn mutanenta ba su wuce hamsin ba, tun 1940 yawancin kan sarkinsu masu tarawa ake sayar wa. Na Tonga masu siffar ayaba ma haka, sun cika duniya. Na taɓa sayen albam guda dubu 15. Farashin da ke kundin Stanley Gibbons na ƙimar kan sarki daban, abin da mai saye zai ƙirgo maka daban.

Maman Sadiƙ: Dillali ne kai, dole ka karya kaya. Ko kai ne mai tayin?

Baban Gida: Ku bari in faɗa muku nawa. Shekara talatin ina tara na Zanzibar, har da na Indiya da aka buga wa suna a 1895. Da auren 'yata ya taso muka daidaita da wani a waje, ya ce sai ya gani da idonsa. Na naɗe su cikin leda, na sa kwali, na aika da rajista, na biya har da na goro. Wata uku shiru. Can aka kira ni, kwalin ya dawo an farke gefe an manne da salatif, ciki tsofaffin jaridu. Nan su ce can ne, can su ce nan ne. Har yau rasit ɗin yana aljihun babbar rigata. Gona na sayar aka yi kayan ɗaki.

Malama Z: Innalillahi. Ni takardun makaranta suka ɓace min haka. Kuma kuɗin akwatin gidan waya duk shekara sai an karɓa.

Bala Gwanjo: Baba, da ka kawo min da ka ga kuɗinka a hannu.

Baban Gida: Dubu 15 ɗin?

Abban Hanifa: Jama'a, maganar ƙimar fa? Ranar Juma'a za a zauna.

Ɗan Gari: Malama, naku akwatin ma yana buɗuwa. Namu rina ce ta yi gida a ciki, kuma an turo min takardar bashin shekara uku.