Neman taimako: fitilar motata ta ƙi tsayawa a hasken nesa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana wutar mota. Ina neman shawararku kan fitilun gaba na tsohuwar Toyota Corolla da nake bin hanyar Bauchi zuwa Gombe da ita, sau da yawa bayan magariba.

Hasken kusa lafiyarsa lau, amma da zarar na tura sandar makunnin da ke gefen sitiyari domin hasken nesa ya tsaya, sai fitilun biyu su mutu gaba ɗaya, shuɗiyar alamar dashbod ma ba ta kamawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na jawo sandar wajena don yi wa na gaba ishara, hasken nesan yana zuwa sosai.

Ƙwan fitilar nau'in H4 ne, mai zare biyu a ciki, na wat 60 domin hasken nesa da na wat 55 domin hasken kusa. Tunda zaren nesan yana kamawa, ban ga laifin ƙwan ba, kuma mai wayarin ya duba fiyus ya ce bai ƙone ba.

Shin makunnin ne ya cinye daga ciki, ko rile ne (ƙaramar na'urar da ke sakar wa fitila wuta idan an taɓa makunni), ko wayar da ke sauke wuta a jikin mota? Ta yaya zan gwada kafin in sayi sabon makunni? Allah Ya saka da alheri.