Wai me ke sa TNF ya daina fita bayan garkuwar jiki ta gama aikinta?

Ummi_Biyokem:
Assalamu alaikum yan uwa. Don Allah masu karatun likitanci ko biyokem ku taimaka min, muna da tes ranar Litinin kuma wannan wajen ya ƙi shiga kaina. Na gane cewa idan makrofej (ƙwayar garkuwar jiki mai haɗiye ƙwayoyin cuta) ta haɗu da bakteriya tana kunna jin ɗin (gene) TNF da IL-6, wato furotin masu tayar da kumburi, a kwafo saƙon daga DNA zuwa mRNA, a haɗa furotin, zazzaɓi ya taso. To amma malaminmu ya ce wai rabin aikin ba a kan DNA ake yinsa ba, a kan RNA ɗin ne bayan an riga an kwafo shi, kuma bai tsaya ya yi bayani ba ya wuce. Ni a tunanina in an kashe jin ɗin ai magana ta ƙare, me kuma ya rage?

Dan_Lab:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata ai kin ba kanki amsa, NF-kB, furotin ɗin da ke kunna jin ɗin, ya fita daga nukiliyos inda DNA yake, an daina kwafa, shikenan. Haka na rubuta a namu tes ɗin kuma na ci.

Malam_Sel:
Dan_Lab ka ci dai da rabin maki. In an daina kwafa, waɗanda aka riga aka kwafa fa, ina za su? Kamar handawut ne, ko malami ya kulle asalin a ofis, fotokofin da ke hannun ɗalibai na nan ana ta karantawa sai an bi an yage su. mRNA na globin, furotin ɗin jan jini, yakan yi awanni masu yawa bai lalace ba, da na TNF haka yake da mutum ya yi ta kumburi har ya illata kansa.

Shi ya sa mRNA na irin waɗannan saitokain ɗin, wato furotin masu kai saƙo a garkuwar jiki kamar TNF da IL-6, ke zuwa da wata alama a wutsiyarsa, can bayan inda bayanin furotin ya ƙare, jerin haruffan RNA A da U ne ana ta maimaita AUUUA, ana ce masa ARE. A 1986 Shaw da Kamen suka yanko wannan guntun daga GM-CSF, wani saitokain, suka liƙa a wutsiyar globin na zomo, sai ga mRNA ɗin da ke daɗewa ya koma yana rushewa nan da nan. Wanda ke gane alamar wani furotin ne TTP, yana kama wajen sai ya jawo enzayim masu ɓantare jerin A na ƙarshen wutsiyar, da zarar wannan ya tafi sauran ba ya jimawa.

Abin da ya fi burge ni a nan, siginar da ta kunna TNF ita ce dai ta sa aka ƙera TTP ɗin tun farko, sai dai wasu enzayim, p38 da MK2, suna sa a maƙala masa fosfet su riƙe shi kar ya yi aiki tukuna, TNF ya samu ya fita da yawa lokacin da ake bukatarsa. Siginar na lafawa a cire fosfet ɗin, ga TTP a tare jingim yana jira, sai ya hau share mRNA. Ummi wannan ki riƙe shi da kyau, malamai na son tambayarsa.

Hujja kuwa ɓeraye ne. A 1996 ɗakin binciken Perry Blackshear a Amurka suka cire wa ɓeraye TTP, suka rame, gaɓoɓi suka kumbura, fata ta lalace, da aka yi musu allurar da ke toshe TNF kusan duk alamomin ba su fito ba. A 1999 kuma su George Kollias a Girka suka bar TTP ɗin suka goge ARE ɗin da ke jikin TNF kawai, sai ga ciwon gaɓoɓi da kumburin hanji irin na Crohn. Ɓangaren jin ɗin mai bayanin furotin lafiyarsa lau fa, rushe saƙon ne ya gagara.

Maman_Wod:
Masha Allah malam, ni nas ce ba ƴar lab ba amma abin ya shafe mu. Yaran da ake kawo mana da maleriya mai tsanani jiki kamar garwashi, TNF na da hannu a zazzaɓin, kuma binciken da aka yi kan yara a Gambiya a 1990 ya nuna waɗanda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa suka rasu TNF ɗinsu ya fi na sauran yawa sosai. Tambayata, shi IL-6 da muka yi ta ji lokacin korona shi ma TTP ne ke kula da shi?

Malam_Sel:
Hajiya TTP na taɓa shi, amma akwai wani da ya fi shahara a kansa, Regnase-1, su Shizuo Akira na Osaka a Japan suka bayyana aikinsa a 2009. Shi enzayim ne, da kansa yake yanka mRNA ɗin, kuma ba jerin haruffa yake nema ba, wani lanƙwaso yake ganewa inda RNA ya naɗe kansa. Ɓerayen da ba su da shi saifarsu ta kumbura, jini ya yi ƙasa, yawancinsu ba su wuce sati 12 ba.

Ummi_Biyokem:
Kai Allah ya saka da alheri malam, wlh yanzu na gane. To microRNA fa ina ya shigo, don na ga shi ma yana cikin silabos.

Malam_Sel:
Shi ma wutsiyar yake kamawa, bambancin shi guntun RNA ne mai haruffa wajen 22, ba furotin ba. Ki duba miR-146a, NF-kB ne ke kunna shi sannan ya juyo ya rage furotin IRAK1 da TRAF6 da ke kai siginar ga NF-kB ɗin. In kin kawo wannan da TTP ya ishe ki tambaya mai maki goma. Dan_Lab kai ma ka kwafa.